Asalin Kalmar Takarda

Masana tsirrai na Ingila suna da wata kalma wadda ko Turawan ba kasafai suke furta ta ba, wato chartaceous. Da ita suke siffanta ganye ko kwanso marar kauri, busasshe, mai ƙaras-ƙaras in an taɓa, irin kwanson ɗakwara. Ma'anarta, mai kama da takarda. Abin da ya sa na ɗauko ta kuwa, ita da takardarmu kakarsu ɗaya.

Ga yadda abin yake. A zamanin da, Masarawa sukan yanko wata ciyawa ta bakin kogin Nilu, su tsaga, su jera, su danne ta bushe, su yi rubutu a kai. Girkawa suka kira fallenta khartes, Rumawa suka karɓa suka ce charta. Daga nan kalma ta yi rassa biyu. Ɗaya ya zauna Turai, shi ya haifi waccan kalma ta masana. Ɗayan ya shiga harsunan mutanen Afirka ta Arewa, inda Rum ta yi ɗaruruwan shekaru tana mulki, ya bi Sahara har bakin Abzinawa. Su kuwa a harshensu sunan mace da "ta" yake farawa, sai suka ce takarde. Wurinsu muka aro, kamar yadda takobarsu ta zama takobinmu.

Wanda ya san Damargu ya san yadda irin wannan aro ke faruwa. A da ita ce rumbun geron Abzin, nan ayarin Abzinawan Kel Ewi ke yada zango kafin ya wuce Damagaram da Kano, Ba'abzine da Bahaushe da Babarbare suna ciniki a gindin raƙumi ɗaya. Ta nan Bature matafiyi Barth ya ratsa a Janairun 1851, a Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa. Cikin hajar da ake ɗaukowa daga Tarabulus har da ita kanta takardar, ƙirar Italiya, mai alamar jinjirin wata uku in an ɗaga ta a rana. A kanta malamanmu suka kwafi Alƙur'ani da littattafai masu yawa, kuma ina ganin duk mai irinta a gida ya kamata ya adana ta da kyau.

Daga baya kalmar ta sake dawo mana, wannan karo ta teku, a bakin Turawan mulki. Ita ce kati, na zaɓe da na asibiti.