Carole King da Zamanin da Marubuta Waƙa Suka Fito Fili

Da yawa daga cikinmu da muka tashi a shekarun 1970 mun sha jin wasu waƙoƙin Turawa a rediyo, masu taushi, waɗanda fiyano ke jan ragamarsu. Ba wanda ya gaya mana tarihinsu. Yau za mu ɗauko shi ta bakin ƙofar wata mata guda, domin labarinta ya nuna yadda mai yin aiki a bayan fage ya kai ga a san sunansa.

Fiyanon da muke nufi shi ne babban nan na katako mai maɓallai 88, wanda kowane maɓalli ke ɗaga 'yar guduma ta daki tsirkiyar ƙarfe. A shekarun 1950 baƙaƙen fatar Amurka irin su Fats Domino da Ray Charles da Little Richard suka sa shi a tsakiyar kiɗan matasa. Daga baya jita mai amfani da lantarki ta danne shi, ya koma ɗakunan masu tsara waƙa.

A wancan zamani, a birnin New York, a kan titin Broadway, akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙera waƙa su sayar wa mawaƙa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Aldon Music. Ana ba marubuta 'yan ƙananan ɗakuna, kowane da fiyano da kujera, su wuni suna aiki. A nan Carole King, haifaffiyar 1942, ta fara tare da mijinta Gerry Goffin: ita ke sa karin waƙa, shi ke sa kalmomi. Da farko da rana tana aikin sakatariya, shi yana aiki a wani kamfanin haɗa sinadarai, sai dare ya yi su zauna ga waƙa.

A farkon 1961 waƙarsu "Will You Love Me Tomorrow", wadda 'yan matan ƙungiyar Shirelles suka rera, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Carole tana da shekara 18. A 1962 suka rubuta "The Loco-Motion", aka ba yarinyar da ke musu renon 'ya, Little Eva, ita ma ta hau na ɗaya. A 1967 Aretha Franklin ta rera musu "A Natural Woman". Sun sami kuɗi, amma hoton da ke kan faifai da tafin jama'a na mai rerawa ne. Sunan marubuci kuwa yana can ƙasa da ƙananan haruffa, sai mai bin diddigi ke lura da shi.

Sai zamani ya juya. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta isa Amurka a 1964 da waƙoƙin da 'yan cikinta suka rubuta da kansu, Bob Dylan ma haka yake yi. Matasa suka fara auna mawaƙi da wani sabon ma'auni: shin abin da yake faɗa daga zuciyarsa ya fito, ko haddace shi ya yi? Kasuwar masu rubuta wa wasu ta fara ja da baya. A 1968 auren Carole da Gerry ya mutu, ta kwashi 'ya'yanta mata biyu ta koma Los Angeles. Ga ta babu abokin aikin da ta saba da shi, ga sana'ar da ta iya tana dusashewa, ga kuma tsananin tsoron tsayawa gaban taro.

Mawaƙi James Taylor, wanda take kaɗa wa fiyano a yawon wasanninsa, shi ya riƙa turo ta gaba ta rera nata. Faifanta na farko, "Writer" na 1970, bai yi wani tasiri ba. A watan Janairun 1971 ta shiga ɗakin ɗaukar sauti tare da Lou Adler, wanda ya ƙudura cewa ba za a cika kiɗan da kayan ado ba: a bar muryarta da fiyanonta a gaba, kamar tana zaune cikin ɗaki tana yi wa mutum ɗaya. Muryar ba ta kai ta Aretha ƙarfi ba, har da ɗan dishi-dishi a cikinta, amma mai sauraro yana jin cewa mai abin ce ke magana. A bangon faifan ma tana zaune bakin taga ba takalmi, kyanwarta na gabanta.

Faifan, mai suna "Tapestry", ya fito a watan Fabrairun 1971, ya yi mako 15 a jere a matsayi na ɗaya. A 1972 ta karɓi kyautar Grammy guda huɗu. A cikinsa ta sake rera waƙar Shirelles da ta Aretha, a hankali, yadda ta fara jin su a kanta. A ranar nan mutane da yawa suka gane cewa waƙoƙin da suka yi shekara goma suna ji, hannu ɗaya suka fito.

Ba ita kaɗai ba ce. Elton John ma ma'aikacin rubuta wa wasu waƙa ne a kamfanin Dick James da ke Landan, tare da Bernie Taupin, kafin wasansa na gidan Troubadour a Los Angeles a watan Agustan 1970 ya fito da shi. Billy Joel ya yi watanni yana kaɗa fiyano a wata mashaya da sunan aro, Bill Martin, kuma daga wannan zama ya ciro "Piano Man" a 1973.

Wannan iska ta kaɗo har wajenmu. Ranar 6 ga Maris 1971, a wasan Soul to Soul da aka yi a Accra, Roberta Flack, ita ma gwanar fiyano, tana cikin waɗanda suka hau dandali. A wannan shekarar ta ɗauki waƙoƙin Carole guda biyu a faifai, ɗaya tare da Donny Hathaway.

A 1990 aka shigar da Carole King da Gerry Goffin zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a matsayin marubuta. Sai a 2021 aka sake shigar da ita, ita kaɗai, a matsayin mawaƙiya, shekara 50 cif bayan "Tapestry". Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci.

Idan akwai dattijon da har yanzu yake ajiye da irin waɗannan faya-fayai, muna roƙon ya duba ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan kowace waƙa, ya sanar da mu sunan da ya gani. Allah Ya sa mu dace.