Madatsun Ruwa da Hanyar Kifi a Kwarin Sakkwato da Rima

Tun kafin zuwan Turawa, arzikin kwarin Sakkwato da Rima ya dogara ne ga ambaliyar da ke zuwa kowace damina. Idan ruwa ya sauko daga tsaunukan Zamfara da ƙasar Katsina, sai gulbi ya cika ya tumbatsa, ya malale fadamu tun daga Wurno har Argungu da Birnin Kabi. A wannan lokaci ne kifi ke barin zurfin gulbi, ya hau ruwa, ya kutsa cikin ciyawar fadama ya yi ƙwai. Tarwaɗa da kawara da bargi da kurungu duk haka suke yi. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai manya da ƙanana su koma gulbi, saura kuma su maƙale a tafkuna, inda Sarkawa da Kabawa ke jiransu da homa da gora da taru.

Mutanen dā sun fahimci wannan tafiya ta kifi ƙwarai, har suka ɗora mata doka. Sarkin Ruwa yakan rufe tafki, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, daga irin wannan al'ada ya samo asali. Watau an san cewa kifin da za a kama da rani, damina ce ke haifarsa.

A shekarar nan ta 1934 ne kuma Faransawa suka fara gina madatsar Markala a kan kogin Kwara, kusa da Segu a ƙasar Mali ta yau, suka gama a 1947. Manufarta ita ce ta ɗaga ruwa ta karkata shi cikin magudanai zuwa gonakin auduga da shinkafa. Da yake a Turai da Amurka an riga an saba yi wa kifi matakala a gefen madatsa, kamar yadda aka yi a Bonneville a kan kogin Kolombiya a 1938, sai aka gina irinta a Markala. Matakalar kifi jerin ƙananan kwatamai ne, kowane ya ɗara na ƙasansa tsawo kaɗan, ruwa na kwarara daga wannan zuwa wancan, kifi na hawa yana hutawa har ya tsallake bangon.

To, amma an ƙera irin wannan matakala ne domin kifin ƙasashen sanyi mai ƙarfin tsalle. Wani masanin kifi Bafaranshe, Jacques Daget, ya yi nazarin ta Markala a wajen 1950, aka kuwa gane cewa ta yi wa kifin Kwara kaɗan. Ƙananan kifaye masu tafiya garke garke sukan taru a gindin madatsar, kaɗan ne ke samun wucewa. Wannan darasi ne da Afirka ta Yamma ta samu tun da wuri, sai dai bai yi tasiri ba sa'ad da aka zo datse gulaben Sakkwato.

A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, sa'an nan aka gama ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984. Ƙasar ta fito daga farin shekarun 1972 zuwa 1974, saboda haka hankalin hukuma duk ya koma ga noman rani. Abin da tarihi ya fi riƙewa game da Bakolori shi ne rikicin Afrilu 1980, lokacin da manoman da suka rasa gonakinsu suka tare hanyoyi, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka. Akwai wata asarar kuwa da ba ta yi ƙara ba. Binciken da W. M. Adams ya yi a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa ambaliya ta ragu a ƙasan madatsar, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, har masunta suka riƙa tafiya cin rani wasu ruwaye.

A nan ne ya kamata ɗalibi da ma'aikacin hukuma su lura da kyau. Madatsa tana toshe wa kifin wannan kwari hanya biyu. Ta fari ita ce hawan gulbi, wadda bango ke tarewa. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ita ce fita daga gulbi zuwa fadama, wadda ke rufewa idan an riƙe ruwan damina a bayan bango. Matakala tana iya gyara ta fari, idan an auna ta da ƙarfin kifin gida. Ta biyu kuwa ba ta buɗuwa sai an saki ruwa da gangan a tsakiyar damina, gwargwadon da zai jiƙa fadama na wasu makwanni, ba tare da ya cinye gari ba, kamar yadda ya faru a ƙasan Goronyo a Satumba 2010.

Wannan magana ba ta tsaya ga manyan madatsu ba. Ƙananan irin ta Shagari, da duk wadda za a gina wa manoman ƙasar Bodinga da Mandera, a kan ruwan da kifi ke bi suke zaune. Gyara a kan takarda ya fi arha bisa ga fasa siminti, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Injiniya ya san nauyin ruwa, amma Sarkin Ruwa ne ya san watan da kawara ke hawa da ƙoramar da take bi. Tarihin Markala da na Bakolori sun nuna cewa wajibi ne a zaunar da su biyun wuri ɗaya kafin a aza harsashi.