Kwalejin Barewa: Tarihin Kafuwa da Tsarin Tarbiyya

Kwalejin Barewa da ke Zariya ta samo asali ne daga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921, Gwamnan Nijeriya Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922. Kafin nan ilimin boko a Arewa bai yi nisa ba. Akwai makarantar da Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawan Kano a 1909, sai makarantun larduna ƙalilan da ke fama da ƙarancin malamai. Don cike wannan giɓi aka kafa kwalejin. An zaɓi Katsina saboda daɗaɗɗen sunanta a fagen malanta, da kuma goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko.

Tun ranar buɗewa aka fayyace cewa hali yana gaba da takarda. A jawabinsa, Clifford ya nuna cewa aikin waɗanda za a yaye bai tsaya ga koyar da abin da ke cikin littafi ba. Za su koya wa yara ladabi da kyakkyawar mu'amala da zama irin na Musulmin kirki, domin karatu ba tare da waɗannan ba amfaninsa kaɗan ne. Akwai siyasa a cikin wannan magana. Turawa na mulki ne ta hannun sarakuna, kuma ba sa son boko ya haifar da samari masu raina fada. Shi ya sa a shekarun farko Musulmi maza kaɗai ake ɗauka, da yawansu 'ya'yan sarakuna da malamai da ma'aikatan En'e.

Abin lura a tsarin Katsina shi ne yadda aka saƙa tarbiyya cikin rayuwar yau da kullum. Makarantar kwana ce, ginin ƙasa, an raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, wanda tsafta da kiyaye lokaci da zaman lafiyar gidan ke wuyansa. Yaron da ya taso daga Barno zai kwana kusa da na Bida, ya ci abinci da na Sakkwato, ya koyi bin umarnin wanda ya riga shi zuwa ko da mahaifinsa ya fi na wancan sarauta. Salla tana da lokacinta. Larabci da addini suna hannun malaman ƙasa irin su Malam Nagwamatse da Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, su kuwa Turawa suna koyar da Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, tare da matsa wa ɗalibai a kan furta Ingilishi daidai. Da yamma sai filin wasa: kurket da ƙwallon ƙafa da wasan fayif, wanda Ahmadu Bello ya yi fice a kansa kuma bai bar shi ba har bayan ya zama Firimiyan Arewa. A filin nan ake koyon haƙuri da kaye da kuma yarda da hukuncin alƙalin wasa. Har lambar shiga ta zama wani ma'aunin girma, domin kowane ɗalibi yana riƙe da tasa har abada: Ahmadu Bello shi ne na 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa na 145.

Wannan tsari ya yi aiki ne saboda ɗaliban kaɗan ne, malami ya san kowa da halinsa, kuma ana shafe kusan shekara biyar ana tare. A nan kuma rauninsa yake. Yanki mai miliyoyin mutane ya dogara da makaranta guda mai yaye 'yan tsiraru a shekara, mata ba su da rabo, kuma Arewa ta daɗe tana biyan bashin wannan jan ƙafa.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, ta koma Kwalejin Kaduna, inda Shehu Shagari da Aminu Kano suka yi karatu. Tsofaffin ɗalibai sun kafa ƙungiyarsu a 1939, kuma tarukanta na daga cikin wuraren farko da 'yan bokon Arewa suka haɗu suka tattauna halin da yankin ke ciki. Daga nan aka fara ganin abin da masu kafawa ba su yi tsammani ba. Tarbiyyar da aka shirya don biyayya ta kuma koyar da gaskiya da riƙon amana, wanda aka koya wa waɗannan kuwa ba zai rufe ido a kan zalunci ba. Sa'adu Zungur, ɗalibin Katsina, da Aminu Kano sun zama masu sukar mulkin En'e a fili. Tafawa Ɓalewa ma, duk da natsuwarsa, shi ya gabatar da ƙudurin gyara tsarin En'e a majalisar Arewa a 1950.

A 1949 makarantar ta tare a mazauninta na yanzu a Zariya a matsayin sakandaren gwamnati, daga baya aka kira ta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ta ɗauki sunan Barewa, dabbar da ke tambarinta. Takenta na Larabci, Man jadda wajada, yana kira ne ga himma. A wannan zango ƙofa ta buɗe wa yaran Arewa na kowane addini da ƙabila, har Yakubu Gowon, Kirista ɗan ƙabilar Angas, ya zama shugaban ɗalibai. Murtala Muhammad ya shigo makarantar bayansa da 'yan shekaru, Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ya yi karatun share fagen jami'a a nan. Gidajen kwana sun ɗauki sunayen mutanen da suka gina tarihin makarantar, irin su Clifford da Ɗan Hausa da Bello Kagara da Nagwamatse.

Daga shekarun 1970 zuwa gaba, yawan ɗalibai ya haura abin da gine-gine da malamai za su iya ɗauka, kamar yadda ya faru a yawancin makarantun gwamnati, kuma kusancin malami da ɗalibi, wanda shi ne ginshiƙin tsohon tsarin, ya yi rauni. Yanzu makarantar tana ƙarƙashin gwamnatin Jihar Kaduna, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana taimakawa da gyaran gine-gine da kayan aiki, kuma a 2021 ta cika shekara 100 da kafuwa. Tsohon ginin Katsina da ke Rafukka yana nan, an mayar da shi gidan tarihi na ƙasa.