Kifin Damina: Yadda Ake Kiwonsa Daga Ƙwai A Gida

Manoman fadama a yankin Jabo da sauran sassan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe sun san yadda kududdufi kan bushe ƙayau da rani, amma da damina ta kankama sai a tarar da kifi a ciki, alhali babu wani rafi da ya haɗu da shi. Wasu kan ce ruwan sama ne ya zo da su. Gaiwa kam an san sirrinta, binne kanta take yi a cikin laka har ruwa ya dawo. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin kifi da Turawa ke kira kilifish, wanda mu a nan za mu kira kifin damina. Shi iyayen mutuwa suke yi idan ruwa ya ƙafe, ƙwayayen da suka binne a laka su ne ke tsallake rani.

Wannan kifi ɗan ƙasa ne. A shekarar 1928 wani masani Bajamushe mai suna Ernst Ahl ya yi bayanin wani nau'insa da aka kamo a kogin Kiyawa kusa da Katagum, shi ya sa har yau sunansa na kimiyya Pronothobranchius kiyawensis. Ana samunsa a kududdufan damina na yankin kogin Neja da na tafkin Chadi. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Namijin yana da launi mai ɗaukar ido, macen kuwa ba ta da ado. Ransa gajere ne, domin a daji bai wuce damina ɗaya. Wani ɗan'uwansa na ƙasar Mozambik, Nothobranchius furzeri, an tabbatar a shekarar 2018 cewa yana iya balaga cikin kwana 14 da ƙyanƙyashewa.

Mai son kiwonsa zai nemi akwatin gilashi ko roba mai haske da ke ɗaukar lita 20, da murfi, saboda kifin yana tsalle. Ruwan sama ya fi dacewa. Idan na famfo ne a bar shi ya kwana biyu a buɗe. A zuba namiji ɗaya da mata biyu ko uku, domin maza faɗa suke yi, kuma namiji yakan gajiyar da mace idan ita kaɗai ce. A cikin akwatin sai a ajiye ƙaramin kwano da aka cika da dakakken zaren ɓawon kwakwa, wanda aka tafasa aka wanke. Wannan shi ne madadin laka, a ciki za su riƙa zuba ƙwai.

Bayan mako ɗaya ko biyu a fitar da kwanon, a matse zaren a cikin ƙyalle mai tsabta, a shanya a inuwa har ya zama yana da danshi amma ba ya ɗiga. A ƙulle shi a leda, a rubuta kwanan wata a jiki. A nan ne mafi yawan masu farawa ke yin hasara. Idan zaren ya bushe sarai ƙwan ya mutu, idan ya jiƙe da yawa ya ruɓe, kuma zafin watannin Maris da Afrilu a jihar nan yana iya dafa shi a ɗakin kwano. A ganinmu babu wurin ajiya da ya kai gindin randa a ɗakin ƙasa.

Jiran yakan kai wata biyu zuwa uku. Alamar ƙwai ya nuna ita ce a hango idanu biyu na ɗan kifin a cikinsa. Daga nan sai a juye zaren a kwano, a zuba ruwan sama mai ɗan sanyi, cikin sa'o'i kaɗan 'ya'yan za su fara iyo. Kada a zubar da zaren. Ba duka ƙwayayen ke ƙyanƙyashewa a jiƙon farko ba, wasu kan jira, kamar yadda manomi mai hankali ba ya ƙarar da irinsa a ruwan farko. A sake matsewa a ajiye, bayan mako uku a sake jiƙawa.

'Ya'yan ba sa cin garin abincin kifi, sai abu mai rai. A kwanakin farko ana ba su koren ruwan da ya daɗe a rana, wanda ke cike da ƙananan halittu, ko 'ya'yan Artemia da ake ƙyanƙyasa a ruwan gishiri. Da sun ɗan tasa sai tsutsar sauro, wadda suke ci ba ƙaƙƙautawa. A riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu, a kuma raba manya da ƙanana don kada su cinye juna.

Cin tsutsar sauron nan shi ya sa batun ya shafi jami'an lafiya da na gona da masu unguwanni. Kududdufin da ke da wannan kifi yana da mai gadinsa, amma wanke tankin feshi a ciki, ko kwashe lakar ƙasansa da rani don yin bulo, yana iya kawar da irin baki ɗaya, tunda duk zuriyar baɗi tana cikin wannan laka. Haka kuma muna jan hankalin masu kiwo da kada su saki kifin da aka kawo daga wata ƙasa a ruwayenmu. Mai neman a tantance masa nau'in da ya kama zai iya tuntuɓar sashen nazarin kifi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.