Asalin Kalma: Ɗan Daudu

Daudu tsohon laƙabi ne na sarauta, da shi ake yi wa Galadima kirari. A bori kuwa akwai iskan da ake kira Ɗan Galadima, ɗan sarki mai son ado da caca da kyauta. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin borin Kano, ya danganta sunan 'yan daudu da wannan iska. Bayanin na da ƙarfi, tunda an daɗe ana ganinsu wajen wasan bori, ko da yake da yawansu ba sa hawan iska.

Yau idan aka ce ɗan daudu, ana nufin namijin da ke kwaikwayon mata a murya da tafiya da sana'a: tuya da sayar da abinci a tasha, wani lokaci har da kawalci. A bakin jama'a kalmar zagi ce.

Rudolf Gaudio, Ba'amurke masanin ɗabi'un al'umma, ya zauna da 'yan daudu a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Ya lura suna kiran juna "ke" da "ƙawa", sun ƙware a habaici, amma da yawa suna da mata da 'ya'ya, kuma maza suke ɗaukar kansu. Shi ya sa fassara kalmar da transgender ta Turawa ganganci ne, domin yawancinsu ba sa cewa jinsinsu ya sauya.