Gemun sarki a bisa tsabar kuɗi

A farkon shekarar 363 ta Miladiyya, mutanen birnin Antakiya sun mai da sarkinsu Yuliyan abin dariya. Abinci ya yi tsada, sarki ya ƙayyade farashin hatsi, ƴan kasuwa suka ɓoye abin da ke hannunsu. Amma waƙoƙin zambo da aka riƙa rerawa a kan tituna ba su tsaya ga hatsi ba: gemunsa suka sa a gaba. Wasu suka ce na bunsuru ne, wasu suka ce ya isa a tufka igiya da shi. Har kuɗin da ya buga ba su tsira ba. Sarkin da ke da ikon sare kawunansu sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta musu raddi da harshen Girkanci, ya raɗa masa suna Maƙiyin Gemu.

Wanda zai fahimci wannan rikici sai ya koma baya ƙarni bakwai. A wancan zamani mafi yawan talakawa ba su taɓa ganin sarki ido da ido ba. Fuskarsa tana isa gare su ne a bisa dinarin azurfa wanda faɗinsa bai kai na ƙwayar dala ba. A irin wannan ƙanƙanin fili, mai sassaƙa hatimi ba ya ɓarnar layi ko ɗaya, kuma abin da ya sa a haɓa ko ya bari, da izinin fada ya yi.

Girkawan dā masu gemu ne, allolinsu manya ma haka ake zana su. Iskandar na Makidoniya, wanda ya rasu a 323 kafin Miladiyya, shi ya karya wannan al'ada. An ruwaito cewa ya umarci mayaƙansa su yi aski don kada abokin gaba ya sami abin kamawa, amma mai yiwuwa dalilin ya fi haka sauƙi: saurayi ne, kuma ya so a riƙa ganinsa saurayi. Bayan rasuwarsa, kwamandansa Lisimakus ya buga kuɗi da hotonsa, da ƙahon rago a gefen kunne, haɓa fes. Sarakunan da suka gaji ƙasashensa a Masar da Sham galibinsu suka bi sawu, domin aski ya zama hanyar cewa su ne magadan Iskandar.

Rumawa ma sun ɗauka. Yuliyas Kaisar, wanda aka sa fuskarsa a kuɗin birnin Rum tun yana raye a 44 kafin Miladiyya, ba shi da gemu. Sai dai bayan an kashe shi a wannan shekara, ɗansa na riƙo Oktabiyan da kwamandansa Markus Antoniyus sun bayyana a kuɗinsu da ɗan gashi a kumatu. A al'adar Rum, mai makoki ba ya zuwa wurin wanzami. Duk wanda ya karɓi wannan kuɗi ya san saƙon: jinin Kaisar bai bushe ba, akwai ramuwa a gaba. Da Oktabiyan ya zama Augustas, gashin ya ɓace, fuskarsa kuma ta daina tsufa a kuɗi har ya mutu yana da shekara 75.

Hadiriyan, wanda ya hau mulki a 117, shi ne sarkin Rum na farko da ya tara cikakkiyar ƙasumba. Wani tsohon littafin tarihin sarakuna ya ce tabon fuska yake rufewa. Masana da yawa sun danganta abin da ƙaunarsa ga ilimin Girkawa, wasu kuma suka ce ɗabi'ar sansanin soja ce, inda ya daɗe. Ko mene ne asalinsa, abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci. Markus Oreliyus ya fara fitowa a kuɗi yana yarima mai santsin kumatu, aka bi shi shekara da shekara, saje ya tsiro, gemu ya cika, har ya zama dattijon nan masanin falsafa da ya rasu a 180. Satimiyus Seberus, ɗan birnin Labda a ƙasar Libiya ta yau, ya ƙwaci mulki da takobi a 193. Ba shi da jinin gidan sarauta, saboda haka a 195 ya ayyana kansa ɗan Markus, wanda ya riga ya shekara 15 a kabari, masu sassaƙa kuma suka tsawaita masa gemu ya yi kama da na sabon ubansa. Ga dangantaka da aka ƙulla da gashi, ba tare da mamacin ya sani ba.

A ƙarni na 3, lokacin da sojoji ke naɗa sarki su kashe shi cikin ƴan watanni, gemu ya gajarce ya koma tsiro-tsiro, alamar mutumin da yaƙi ya hana zama. Kustantin, wanda ya ba Kiristanci gindin zama, ya dawo da aska, ƴaƴansa suka bi shi. Shi ya sa gemun Yuliyan ya zama magana. Kuɗin da aka buga masa tun 355, lokacin yana ƙarƙashin ɗan Kustantin, sun nuna shi a aske. Da ya sami cikakken iko a 361 ya bar Kiristanci a fili, ya koma ga allolin dā, ya saki gemu irin na Markus. Mutanen Antakiya, waɗanda Kiristoci ke da yawa a cikinsu, sun karanta kuɗin daidai. Yuliyan ya bar birnin cikin fushi a watan Maris, ya mutu a yaƙin Farisa a watan Yuni na 363.

Daga baya ma'anar ta sake juyawa. Fokas, wanda ya hau a 602, ya dawo da gemu a kuɗin Rum ta Gabas, wannan karon a fuskar sarki Kirista. Hiraƙla, wanda masu karatun sira suka sani, ya bayyana tun daga 629 da dogon gemu da gashin baki miƙaƙƙe, na jikansa Kunstans na 2 kuwa har ƙirji ya sauko. Irin wannan zinariya ce Larabawa suka ci gaba da ciniki da ita shekaru bayan sun karɓi Sham.

Halifa Abdul Malik ɗan Marwan ya gwada tasa fuskar. Tsakanin shekarar 74 da 77 ta Hijira an buga dinari mai hoton mutum a tsaye, da gemu da dogon gashi, hannunsa a kan takobi. A cikin shekarar 77 ɗin, wato 696 zuwa 697, aka cire hoton gaba ɗaya, dinarin Banu Umayya ya fito da rubutu zalla a fuskokinsa biyu.