Yadda Aka Koyi Tuƙi a Katsina

Ƙofar Marusa tana cikin tsofaffin ƙofofin birnin Katsina, ita da su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga. A zamanin da, abin da ke ratsa ta bai wuce doki da jaki da raƙumi da mai tafiya a ƙasa ba. Yaro ya kan koyi kora jaki tun bai yi wayo ba, ɗan sarauta kuwa a ɗora shi bisa sirdi, babba na riƙe da linzami har ya iya. Amma dabba tana da nata hankali. Ko mahayi ya yi gyangyaɗi, doki ba ya taka jinjiri da gangan.

Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya rasu a 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya bi ta Funtuwa, amma bai zo birnin Katsina ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatu sai a kan jakuna da raƙuma, sa'an nan a kan manyan motoci. Da haka sana'ar direba ta kafu a ƙasar nan.

To, yaya a ke zama direba a wancan zamani? Uba ne zai kama hannun ɗansa ya kai shi wurin direban da ya yarda da halinsa, ya ce, "Ga amana." Daga ran nan yaro ya zama karen mota. Shi ne wankin mota, shi ne ɗibar ruwa ya zuba wa inji, shi ne ɗaurin kaya. In an zo hawa mota ta tsaya, ya diro da gudu ya sa weji bayan taya don kada ta koma da baya. Ya kan yi shekaru a kan haka bai taɓa sitiyari ba. Sai ubangidansa ya ga ya san kukan inji, ya san nauyin kaya, ya daina rawar kai, kana ya ce masa ya juya motar a cikin tasha. Daga nan sai hanya mara jama'a, daga nan sai gwaji, a ba shi lasin. Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Akwai zagi a ciki, akwai duka, wani ubangidan ma ya kan riƙe yaro fiye da kima don yana morar aikinsa kyauta. Amma dai yaron ya kan ji tsoron mota kafin ya sarrafa ta.

Ran 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Maƙwabtanmu, su Nijar, da ma ta dama su ke bi, direban da ya tashi daga Katsina zuwa Maraɗi sai ya sake hannu in ya wuce Jibiya. A ranar nan tsohon direba da sabo duk suka koma 'yan koyo, har mai tafiya a ƙasa sai da ya sake koyon inda zai fara dubawa kafin ya ƙetare titi.

Da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya fashe ya fita bayan ganuwa, motoci da babura suka yawaita. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kiyaye haɗurra a kan hanyoyi, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Doka ta ce ba a ba mutum lasin tuƙi sai ya cika shekara 18, mai hawan babur kuma ya sa hular kwano.

Sai dai babur ba shi da karen mota. Yaro ya kan koye shi da yammaci ɗaya a hannun tsaransa, gobe uba ya miƙa masa mabuɗi ya aike shi kasuwa. Wanda ya tsaya bakin Ƙofar Marusa lokacin tashin makaranta zai ga yaron da ƙafarsa da ƙyar ta ke kai ƙasa, ya goyo ƙannensa biyu, ba mai hula a cikinsu.